Dillali ya ce gidan zai ba ni kashi 10 a shekara, ku taya ni lissafi kafin in sa hannu

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar gidaje su daure su karanta har ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tari daga albashina da ɗan kasuwancin da nake taɓawa a gefe. Yanzu an kawo mini tallan wani gida mai sashe huɗu, kowane sashe da ɗan haya a ciki, in ji dillali. Tunda ba ƙasa ɗaya muke zaune ba kuma kuɗinmu ba iri ɗaya ba ne, na mayar da farashin gidan 100,000 don sauƙin lissafi, sauran duka na auna su a kansa. Kowane sashe ana biyan 2,500 a shekara, jimla 10,000. Dillali ya ce kashi 10 cikin 100 ke nan duk shekara, cikin shekara goma gida ya mayar da kuɗinsa. Abin da ke hannuna 62,000 ne, sauran banki zai cika mini in biya cikin shekara 15. Ya kuma ce akwai wani mai so, in ban ba da kafin alƙalami cikin mako guda ba za a sayar masa. Raina yana son gidan, amma kwana uku ke nan ba na samun barci sosai. Me kuka gani?

Alhaji Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki saya. Na ba shekara sittin baya, ban taɓa ganin wanda ya sayi gida ya yi da-na-sani ba, sai dai wanda ya sayar. Ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa. Kuɗin da kike ajiye da su kuwa narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana. Allah Ya sa albarka.

Akantan Zaure:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Ban ce kada ta saya ba, amma a ba ni dama mu ɗauki biro tukuna.

Maman Ilham, kashi 10 ɗin nan da aka faɗa miki kuɗin haya ne aka raba da farashin gida, shi ke nan. Ba a cire ko sisi ba. To da farko ma gidan ba 100,000 zai tsaya miki ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin lauya, akwai na rajista da canjin suna a takardun mallaka. Wannan ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ke za ki tambayi ainihin na inda kike, amma mu ƙaddara 7,000. Sannan da wuya a sayi gidan da aka zauna a ciki ba a taɓa shi ba: fenti, famfo, wayarin, ƙofar da ta saki. Mu sa 5,000. Gida ya zama 112,000 tun kafin ɗan haya ya miƙo miki komai.

Yanzu mu koma kan 10,000 ɗin. Ba za a ce sashe huɗu su kasance cike wata goma sha biyu kowace shekara ba. Wani zai tashi, ki yi gyara, ki jira wani. In muka ce wata ɗaya ke tafiya a banza a shekara, kusan 800 sun fita, saura 9,200. Ƙananan gyare-gyare na yau da gobe, masu harkar kan ware kashi 1 na darajar gida a shekara, 1,000 ke nan. Akwai kuma manyan abubuwan da ba sa zuwa kowace shekara amma dole su zo, irin su rufi da tankin ruwa da sokawe, ki riƙa ware musu 800. Harajin gida da inshora mu ce 900. Wanda zai kula da gidan ya karɓo haya, a wurare da dama kashi 10 yake ɗauka, wajen 900. Sun tashi 3,600. Ki cire daga 9,200, abin da ya rage 5,600.

5,600 a kan 112,000 kashi 5 ne cif. Rabin abin da aka gaya miki. Kuma shekara goman da aka ce gida zai mayar da kuɗinsa ta zama ashirin. Ban ma zo kan banki ba.

Maman Ilham:
Inna lillahi. Malam, ni fa na yi niyyar in kula da gidan da kaina, ba sai na ɗauki kowa ba. Sai in cire 900 ɗin nan ko?

Inna Mai Haya:
Kar ki cire, ƙanwata. Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Shekarata tara da gidan haya mai sashe uku, kuma shekara biyun farko ni nake kula da shi, don nima na ce me zai sa in ba wani kuɗina. Wata rana da misalin ƙarfe biyun dare aka kira ni ana ruwan sama, wai silin ya rufto a ɗakin yaran mai sashen tsakiya. Na iske matar tsaye a falo da jariri a kafaɗa, katifa ta jiƙe sharkaf, bokiti uku a ƙasa suna karɓar ruwa, allon silin ya rataye da ƙusa ɗaya. Allah Ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Da gari ya waye kafinta ya hau, ya sauko da guntun katako a hannunsa, ya matsa shi da yatsa ya marmashe kamar gari. Ashe yoyon ya daɗe, wanda ya sayar mini fenti kawai ya shafa a kan tabon. Gyaran nan ya cinye hayar sashe biyu ta shekara guda, na kuma yafe wa matar wata uku don ba ni da bakin da zan tambaye ta.

Ban da wannan, akwai kwanakin da na bar wurin aikina don jiran mai gyaran famfo, akwai zaryar karɓar haya wurin wanda kullum gobe. Wahalarki ma kuɗi ce. Ko ke za ki kula da gidan, ki bar 900 ɗin a lissafi, ki ɗauka ladan aikinki ne kike biyan kanki, ba ribar gida ba. Ranar da kika gaji ko aka canza miki wurin aiki, sai ki tarar lissafin bai rushe ba.

Ɗan Auta:
Yaya Akanta, to ai kashi 5 ma riba ce. Ya fi a bar kuɗin a kwance.

Akantan Zaure:
Riba ce in da kuɗinta kaɗai za ta saya. Ga inda gizo ke saƙar: tana da 62,000, gida ya tsaya 112,000, banki zai cika 50,000. Maman Ilham, nawa suka ce za ki riƙa biya a wata?

Maman Ilham:
Sun ce 507 a wata har shekara 15. Kuma ba bashi da ruwa ba ne, bankin Musulunci ne, don ni ba zan taɓa kuɗin ruwa ba.

Akantan Zaure:
Madalla, Allah Ya tsare mu da haram. Hukuncin shari'a na malamai ne, ni abin da ke fita daga aljihunki nake dubawa, kuma shi biro ba ya canzawa. 507 sau goma sha biyu kusan 6,100 ne a shekara. A shekara 15 za ki biya wajen 91,000 a kan 50,000 ɗin da suka sa. In aka auna, ribar bankin ta yi daidai da kashi 9 a shekara.

To gida yana kawo 5,600, banki yana karɓar 6,100. Duk shekara sai kin ciro 500 daga albashinki kin cika. Kin ɗauko kuɗin da ke cin kashi 9 kin zuba a abin da ke haifar kashi 5. Wannan giɓin ba ya ɓacewa, wani ne zai biya shi, kuma ke ce. Shi ya sa bankunan da ke ba da kuɗin sayen gidajen haya sukan so abin da gida ke kawowa bayan an cire ɗawainiya ya ninka biyan bashin sau 1.2 ko 1.25. Naki bai ma kai 1 ba, 0.92 ne.

Baban Yusra:
Malam Akanta, a nan kam ban bi ka duka ba. Ka yi kamar 6,100 ɗin nan wuta ake cinna musu. Ai wani ɓangare uwar kuɗi take ragewa, wato gidan take ƙara mallaka. A shekarar farko kaɗai wajen 1,650 ke tafiya a uwar kuɗi, kuma kason yana ƙaruwa duk shekara. Na biyu, haya ba ta tsayawa wuri ɗaya. In abin da gidan ke kawowa ya riƙa ƙaruwa da kashi 5 a shekara, 5,600 zai zama 5,880, sannan 6,174. Shekara biyu kacal giɓin ya rufe, daga nan kuma sai gaba. Bayan shekara 15 ta gama biya, gida nata ne, 'yan haya ne suka saya mata kusan rabinsa. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne.

Akantan Zaure:
Gaskiyarka a kan uwar kuɗi, na karɓa. Mu sa shi. 1,650 a cire 500 da take cikawa, saura 1,150. A kan 62,000 ɗin da ta tara shekara goma sha ɗaya, bai kai kashi 2 ba a shekarar farko. Kuma 1,650 ɗin a jikin bango suke, ba za ta iya ɓantaro su ta biya kuɗin makaranta ba.

Batun ƙarin haya kuma, yana iya yiwuwa. Sai dai haya tana bin aljihun 'yan haya ne, ba burin mai gida ba. In albashin mutanen unguwar bai motsa ba, ko an gina sababbin gidaje kusa, kina ƙarawa za su kwashe kayansu. Wasu garuruwan ma doka ta ƙayyade abin da za a iya ƙarawa. Kuma duk abin da ya sa haya ta tashi, shi zai sa siminti da ladan birkila su tashi. Ni ba na son cinikin da sai komai ya tafi daidai sannan zai tsaya da ƙafarsa.

Barista R.:
Maman Ilham, tambaya ɗaya da ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina: 507 ɗin nan a kafe yake har shekara 15, ko ana sake duba shi? In murabaha ce, banki ya saya ya sayar miki da ribar da aka yanke tun farko, farashi ba ya motsi. In kuwa ijara ce ko musharaka mai raguwa, inda kike sayen kason banki sannu a hankali kina biyan hayar abin da ya rage nasa, sau da yawa akwai sharaɗin sake duba hayar lokaci zuwa lokaci, kuma da ma'aunin kasuwa ake auna ta. Ki buɗe takardar yarjejeniyar ki nemo wannan sakin layin, kar ki tsaya ga abin da ma'aikacin banki ya faɗa da baki.

Abin da ya sa na damu: a farkon watan Disamba na 2021 ma'aunin ruwan babban bankin Ingila yana kashi 0.1, zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25. A can yawancin masu bashin gida na shekara biyu ko biyar kawai suke kafe biyansu, da wa'adin ya cika suka tarar da sabon lissafi. A Amurka ma bashin gida na shekara 30 yana ƙasa da kashi 3 a 2021, kafin ƙarshen 2023 ya kusa kashi 8. Cikin shekara biyu fa. In naki ya tashi daga 9 zuwa 13, biyan shekara zai koma wajen 7,600, giɓinki ya zama 2,000. Albashinki zai ɗauka?

Maman Ilham:
Ba zai ɗauka ba, Barista. Zan duba takardar yau da dare in sha Allah.

Alhaji Babba:
Ku yara kuna da boko, na yarda, amma kun bar babban abu kuna ƙirga ƙanana. Wa ya sayi gida don haya kaɗai? Haya ta cefane ce. Arzikin yana cikin tashin darajar gidan. Abin da na saya shekara ashirin da suka wuce yau ya ninka ban san sau nawa ba. Da na zauna ina wannan lissafin naku da har yau ban mallaki ko bulo ɗaya ba.

Ɗalibar Tattali:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya, a yi mini afuwa in sa baki. Ninkin da kuka gani gaskiya ne, amma a tambaya: a shekara ashirin ɗin nan sau nawa sauran kaya suka ninka? Akwai wata 'yar dabara, a raba 72 da yawan hauhawar farashi, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi ke rasa rabin ƙarfinsu. In hauhawa kashi 12 ce, duk shekara shida farashi na ninkawa. A shekara 18 ya ninka sau takwas. Gidan da ya ninka sau takwas a wannan lokacin bai ƙara wa mai shi komai ba, ya dai tsare masa dukiyarsa. Tsarewar ma alheri ce babba, a nan ina tare da ku ɗari bisa ɗari, don wanda ya bar kuɗin a asusu ya yi asara. Amma tsarewa daban, riba daban.

Robert Shiller na jami'ar Yale, wanda ya samu kyautar Nobel a 2013, ya bi farashin gidaje a Amurka tun daga 1890. Da ya cire hauhawar farashi, ya tarar kusan shekara ɗari tashin ɗan kaɗan ne.

Sannan maganar cewa gida ba ya faɗuwa, mutanen Japan ma haka suka yi imani. Farashin filaye a can ya kai ƙololuwa wajen 1991, daga nan ya yi ta gangarowa fiye da shekara goma, filayen kasuwanci a manyan biranensu suka rasa fiye da rabin darajarsu. A Ireland daga 2007 zuwa 2013 gidaje sun faɗi da kusan rabi. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 sun faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, rikicin da ya ci bankin Lehman Brothers a Satumban 2008. Waɗanda suka saya da kuɗinsu kuma ba su matsu ba, da yawansu sun jira har kasuwa ta dawo. Waɗanda abin ya hallaka su ne masu bashi, da aka tilasta musu sayarwa a lokacin da ba mai saye.

Alhaji Babba:
To ni ban taɓa cin bashi na sayi gida ba, wannan kam gaskiya ne. Abin da hannuna ya kai nake saye.

Akantan Zaure:
Alhaji, to ai ka ga bambancinku da ita ke nan. Shawararka daidai ce ga mai irin halinka. Bari in nuna yadda bashi ke ƙara wa abu kaifi ta kowane gefe. In gidan nan ya faɗi da kashi 20 ya koma 80,000, banki ba ruwansa, wajen 50,000 ɗinsa yake bi. Abin da ya rage nata 30,000 daga cikin 62,000. Gida ya faɗi da kashi 20, ita ta rasa fiye da rabi. In kuma ya tashi da kashi 20 ya kai 120,000 ta ce za ta sayar, a cire na banki saura 70,000, a cire la'ada da ɗawainiyar sayarwa wajen 6,000, saura 64,000. Wato sai gida ya tashi da kashi ɗaya cikin biyar sannan ta dawo inda ta fara da ɗan canji a sama. Kuɗin shiga da na fita suna da nauyi ƙwarai a harkar gida, shi ya sa wanda zai buƙaci kuɗinsa nan da shekara uku ko huɗu bai kamata ya kusance ta ba.

Tsohon Dillali:
Na yi shiru ina karantawa, don sana'ata ake magana a kai. Shekara ashirin da biyu na yi ina dillancin gidaje kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ba zan zagi abokan sana'a ba, akwai masu amana da yawa. Amma Hajiya ki sani, dillali sai an yi ciniki yake cin abinci. In kin saya ya samu, in kin fasa ya tashi a tutar babu, ko gidan ya yi miki kyau ko bai yi ba. Don haka maganar "akwai wani mai so" kar ta tsorata ki. Wani lokaci gaskiya ce, sau da yawa kuma ba kowa. In ma akwai shi, ya saya, gidaje ba su ƙare ba.

Abin da zan ce ki yi, duk lissafin da Malam Akanta ya yi a kan 10,000 ya gina shi, kuma 10,000 ɗin daga bakin mai sayarwa ta fito. Ki ce a nuna miki rasit na haya na shekara biyu da takardar yarjejeniyar kowane ɗan haya. Ki je gidan ba tare da dillali ba, da yamma lokacin da mutane suka dawo, ki yi sallama ki gaisa da matan gidan. Ki tambaye su ruwa, ki tambaye su wuta, ki tambaye su ina ke yoyo, yaushe rabon da mai gida ya yi gyara. Ɗan haya ba ya ɓoye aibin gida, shi ke kwana da shi. Ki kuma tambayi maƙwabta nawa ake hayar irinsa a layin. Sannan tambayar da mutane ke jin nauyin yi: me ya sa mai shi zai sayar da gidan da aka ce yana ba shi kashi 10?

Ɗan Auta:
To ni a ganina duk wannan ciwon kan tsohon gida ne. Anti ki sayi sabo wurin kamfanonin da ke sayarwa tun kafin su gina, ya fi araha, kuma ba gyara.

Barista R.:
Ƙanena, arahar tana da dalili, cinikin biri a sama ne. Kai ka ba da kuɗi, su suna da zane a takarda. Evergrande a da yana cikin manyan kamfanonin gine-gine na China, bashin da ke kansa ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, a Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi. Mutane da yawa a China sun biya kuɗin gidajen da aka bari ba a gama ba, har a 2022 wasu suka daina biyan bashin banki a kan gidajen da ba su taɓa shiga ba. Ana iya yin irin wannan ciniki lafiya, amma sai in kuɗin suna ajiye a hannun wani amintacce na uku ana sakin su daidai da yadda gini ke tashi. Kuma duk shekarun jiran ba haya, wannan ma a sa a lissafi.

Maman Ilham, kafin kafin alƙalami, lauyanki, ba na mai sayarwa ba, ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan wa ke kan takardar, ba a jinginar da gidan ba, ba shari'a a kansa, in na gado ne duk magada sun sa hannu.

Inna Mai Haya:
Wani abu da ba wanda ya taɓo. Ta ce 62,000 ne a hannunta, kuma duka ake lissafin zubawa. Ranar da ta karɓi makulli ba ta da ko sisi ke nan. In ciwo ya zo fa? In ɗan haya ya daina biya, wanda fitar da shi ta hanyar kotu kan ɗauki watanni? Banki ba ya jin "ɗan haya bai biya ba". Gida kuma ba zobe ba ne da za ki kai kasuwa da safe ki dawo da kuɗi da azahar, nawa na taɓa sa shi a kasuwa wata bakwai kafin in fasa. Ki ware aƙalla abin da zai biya banki wata shida da ɗan ƙari, ki manta da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Ilham:
'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana biyar. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya.

Takardar banki: musharaka ce mai raguwa, kuma Barista kin yi gaskiya, akwai sakin layin da ya ce za a sake duba hayar kason banki duk shekara. Na koma na tambaya, sun ce suna da murabaha mai kafaffen farashi, suna duba ko za su ba ni a kan wannan ƙimar.

Na je gidan da yamma ni da ƙanwata. Sashe ɗaya a kulle yake, labule ma babu a tagar. Maƙwabciyar ta ce wata biyar ke nan da masu shi suka tashi. Wani sashen kuma mutumin ya ɗauko mini rasit ɗinsa da kansa, 2,200 yake biya ba 2,500 ba, shekararsa shida a gidan. Ke nan ko an cika ko'ina hayar 9,700 ce. Matar sashen baya ta ja ni har ɗakinta, ta janye kwaba ta nuna mini bango, danshi ya hau ya kai gwiwa, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Washegari na biya injiniya ya zo. Ya hau sama da tocila ya fi rabin awa, ya ce kwanon da katakon duka sai an sauya nan da shekara ɗaya ko biyu, ya ƙiyasta 6,000, ban da 5,000 ɗin da muka sa tun farko.

Na zauna na sake lissafin da kaina yadda Malam Akanta ya koya mini. Abin da gida zai kawo ya koma 5,300. Na ware 4,000 gefe kamar yadda Inna ta ce, saura 58,000. Na taya 80,000. A haka da la'ada da takardu, waɗanda suka sauka zuwa 5,600 daidai da farashin, da gyara na 11,000 zai tsaya 96,600, banki ya cika 38,600, biyan shekara wajen 4,700, ya rage mini 600. Mai gidan ya ce shi daga 92,000 ba ya sauka.

Akantan Zaure:
Lissafinki daidai ne, na bi shi. A 92,000 gidan zai tsaya miki wajen 109,400, banki 51,400, biyan shekara kusan 6,250, ki riƙa cika wajen 950 daga aljihu, in ma ba a ƙara miki komai ba. Ko a 80,000 ɗin da kika taya, 5,300 a kan 4,700 sau 1.13 ne kawai, a matse yake. Ni kam ba zan ƙara ko 1,000 a kan tayinki ba.

Baban Yusra:
Ni har yanzu ina ganin in unguwar mai tasowa ce, ku haɗu a 85,000 ba laifi ba ne, in dai an samu murabahar. Amma da rufin nan da sashen da ya yi wata biyar ba kowa, na sauko daga inda nake da farko. Abin tambaya shi ne me ya hana a kama sashen, tsada ko danshi?

Tsohon Dillali:
Hajiya ki bar tayinki a kan tebur, ki yi masa godiya, kar ki sake kira. Mai gidan da ke da sashe a kulle da rufin da ke jiran kuɗi ya san abin da ke damunsa. In ya kira bayan wata ɗaya ko biyu, to. In bai kira ba kuɗinki na hannunki.

Alhaji Babba:
'Yata, tunda abin da ke hannunki 58,000 ne, me zai hana ki nemi mai sashe biyu ki biya lakadan, ba ke ba banki? Haka na fara. In ya yi shekara biyar yana tara miki sai ki ƙara wani.

Maman Ilham:
Baba, abin da ni da maigidana muka kwana muna tattaunawa ke nan. An ma nuna mini wani mai sashe biyu, ranar Asabar zan je in gani, kuma wannan karon rasit zan fara tambaya kafin in taka ƙofar. Injiniyan ya ce zai raka ni. Inna, inshorar da kike yi wa naki, tana biyan hayar da aka rasa in gida ya lalace har 'yan haya suka tashi, ko ginin kawai take rufewa?

Inna Mai Haya:
Tawa ginin kawai ce, gobara da ambaliya. Akwai mai haɗawa da hayar da aka rasa lokacin gyara, amma da ƙarin kuɗi, kuma ba ta biyan yoyon da ya samo asali daga tsufan rufi ko rashin kula, wannan na kanki ne. Ki ce su ba ki farashin kowacce a rubuce kafin Asabar, ki sa na gaskiyar a madadin 900 ɗin da aka ƙaddara. In kun je kuma ki sa injiniyan ya buɗe murfin sokawe ya leƙa, ni ban yi ba lokacin da na sayi nawa.